Kada Ki Rage Ko Shekara Ɗaya

Gyadi-Gyadi, Kano
Ranar Asabar

Zuwa ga Basira, sanyin idona, inuwar darbejiya a tsakiyar zafin bazara, ruwan randa ga wanda ya sha tafiya.

Assalamu alaikum. Saƙonki ya same ni jiya ina gyaran littattafan ɗalibai, jan birona ya tsaya cak. Wai ranar Litinin za ki je kotu ki yi rantsuwar shekaru, ki koma 'yar ashirin da bakwai, saboda gwaggonki Rabi ta ce Hajiyata ba za ta karɓi surukar da ta girmi ɗanta ba. Basira! Shekarunki talatin da huɗu, nawa talatin. Wa muka cuta da wannan?

Yi haƙuri in yi miki halin malamai. Kalmar Turancin da ke saman waccan takarda, declaration, duk shekara sai na koyar da ita. Nakan ce wa ɗalibaina magana ce da mutum ke furtawa a bainar jama'a, ya sa hannu, ya ɗauki nauyinta. Da ita ƙasa ke shelar 'yancin kanta. Da ita ake sanar da wanda ya ci zaɓe. Da ita matafiyi ke faɗa wa jami'in kwastan abin da ke cikin akwatinsa. Duk inda ta je, aikinta fito da abu fili. Mu ne muka mai da ita maɓoya: a je gindin bishiya, mai buga takarda ya tambayi mutum shekara nawa yake so, kamar mai awon gero. Da wace fuska zan tsaya gaban allo in ce wa yaran mutane su riƙe gaskiya, alhali da rantsuwar ƙarya aka ɗaura aurena?

Kuma waɗanne bakwai za ki yanke, ya farin watana? Biyun da kika yi kina jinyar Babanki a Darmanawa har Allah Ya karɓi abinSa? Ko waɗanda kika yi a makarantar jinya, kina tafiya a ƙasa daga Tarauni saboda ba ki son roƙon kowa? Kin tuna daminar bara, ranar da na kawo Hajiya asibiti sukarinta ya hau? Mutum uku suka nemi jijiyarta suka rasa, hannunta duk ya kumbura. Kika zo, kika gaishe ta, kika tambaye ta jikokinta nawa, kafin ta gama lissafa su ruwa ya fara shiga. Ina tsaye riƙe da takalmanta na ji ta ce, "Wannan hannu ya daɗe yana aiki." A nan zuciyata ta tafi, har yau ba ta dawo ba. Waɗannan shekarun nake so! Mangwaro ba ya jin kunyar kwanakin da ya yi yana nuna, ke me ya sa za ki ji?

Yanzu ga abin da na yi, ki yi fushi in kin ga dama. Yau da hantsi na je Unguwar Gano, na durƙusa gaban Hajiya, na ce, "Hajiya, Basira ta girme ni da shekara huɗu. Na sani tun farko, kuma ita nake so." Ta ci gaba da jan carbinta. Daga baya ta ce in tashi in tafi. Furar da takan dama mini duk Asabar ma ban gan ta ba. Ba ta amince ba, ba zan ɓoye miki ba. Gobe zan koma in durƙusa, jibi ma haka, har gwiwoyina su yi kanta. Ba zan ɗaga mata murya ba, amma ba zan yi mata ƙarya ba, ba kuma zan bar ki ba.

Kin ga ke nan takardar ba ta da sauran amfani. Wadda za a ɓoye wa ta riga ta ji. Ranar Litinin ki sa fararen kayanki ki tafi aiki.

In kuwa dole sai an yi takarda, ga tawa. Ni, Dalhatu Audu, malamin Turanci, ina cikin hankalina, ba wanda ya tilasta ni, na shaida cewa ina son Basira da shekarunta talatin da huɗu cif, da duk waɗanda Allah zai ƙara mata.

Naki har numfashin ƙarshe,
Dalhatu