Fina-finan da Auta Ke Kawo Mini

Zuwa ga ƙanena Ɗan Silima,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara, da gwiwar nan taka da ba ta jin magani. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Aiki ma ana ta fama: da safe in kwaso yaran makaranta a mota, da rana in sauke kowa a ƙofar gidansu.

Kada ka yi mamakin ganin takarda maimakon kiran waya. Wayata Auta ce ke danna mini ita, don masu ƙera ta sun ƙanƙanta rubutun saboda mugunta, kuma maganar da zan yi maka ta Auta ce. Girman rubutuna kuwa laifin biron ne.

So nake ka zaɓo mini fina-finai masu kyau. Na san dariya za ka yi, tunda ni ne wanda Baba ke aikawa in jawo ka da kunne daga ƙofar silima. To yau ga ni a hannunka.

Ga dalili. Ka san 'yata Auta tun rasuwar mahaifiyarta, in ta taso daga aikin asibiti, gaisuwa ce kawai sai ɗaki. To kwanan nan ta ɓullo da wani sabon salo. Duk Asabar da la'asar sai ta shigo da fim a ɗan abin nan da ake soka wa talabijin, ta gyara mini kujera, har da shayi. Ni da farko daɗi na ji. Amma na lura ba ta zama inda za ta ga talabijin sosai, sai ta ja kujerarta gefe, inda za ta gan ni. Ana can ana harbe-harbe, in na waiwaya sai in tarar ni take kallo. Kuma duk fim ɗin da ta kawo na wani yare ne, mai fassara a rubuce a ƙasa. Can sai ta ce wai hankalinta ya tafi, in gaya mata abin da aka rubuta. Yarinyar da ta fi ni boko!

Ni dai ban yarda da shayin nan ba. Zargina shi ne akwai wanda take so, tana lallaɓa ni ne kafin ta faɗa. Akwai wani mai kantin magani da ya ishe ni da gaisuwa, har da durƙuso a gefen titi. Idan shi ne, ta fito fili mana, cizonta zan yi? Ka aiko mini da sunayen naka fina-finan, in daina zama a tafin hannunta. Kada ka gaya mata na rubuto.

Ka gaida mutanen gida duka.

Yayanka,
Baba Direba

*

Ɗan Silima,

Bayan gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya, har da idanuna, tunda na ga su ne suka tsone maka ido.

Takardarka ta iso. Mai askin da ke jikin gidanmu ya karanta mini, don rubutunka sai ka ce tururuwa ta faɗa tawada. Na gode da fina-finan. Amma tambaya gare ni. Na farkon da ka yaba, na matar nan alƙaliya da aka kawo ƙarar mijinta gabanta, ta yaya Auta ta riga ta ce shi za ta kawo mini ranar Asabar, tun takardarka na hanya? Na masu hawan dutsen ƙanƙara ma yana jakarta. Duk duniya fina-finai sun ƙare ne, sai waɗannan? Kuma su ma duk masu rubutu a ƙasa. Sannan a ƙarshe ka maƙala, kamar ba da gangan ba, wai yaushe rabona da likitan ido. Haba! Ashe ni na tura ɓarawo gadin kayana. Kun haɗa baki, kai da 'yarka, kuma mai kantin magani bawan Allah na ɗauki alhakinsa a banza.

Na san inda maganar ta samo asali. Ranar nan na ɗan goge gefen mota da ginshiƙin ƙofar makaranta. Ƙofar nan tun da aka yi mata sabon fenti ta ƙara matsewa, kowa ya sani. Auta ta ga ƙujewar, ashe tun daga nan ta fara ƙulle-ƙulle.

Bari in gaya maka abin da kuke wasa da shi. Ranar da maganar nan ta shiga kunnen shugabar makaranta, ranar za ta karɓe mukulli. In ta karɓe, ni kuma in zama wa? Tsohon da ake shimfiɗa wa tabarma a inuwa, a kawo masa koko, a ɗauke kwano? Yaran nan tun daga kwana suke jiyo hon ɗina su fito da gudu. Na san muryar kowannensu, na san mai kuka in an zauna masa a wuri, na san mai manta kwandon abincinsa. Hanyar nan kuwa ko ramin da aka haƙa jiya tayata ta san shi. Gaskiya ne da hantsi in rana ta haske gilashi sai in ga kamar an watsa madara, amma wane direba ne rana ba ta damu ba?

Ban zauna haka ba. Na sa mai aski ya kalli na alƙaliyar ya zayyana mini komai, har launin motarta. Ranar Asabar Auta na tambaya ina cafkewa. Sai dai zumuɗi ya kwashe ni, na ce kash, ga shi an kama mijin, alhali ba a kai wurin ba tukuna. Na waske da cewa hasashe ne irin na manya. Ta dai ƙara mini shayi.

To yanzu ni zan zaɓa. Kai da ake ce wa masani, ta yaya ka manta na kwalekwale? Wa da ƙane da suka gaji kwalekwale ɗaya, suka yi ta rigima har suka daina gaisawa, sai ranar ambaliya ruwa ya ja ƙanen, wan ya shiga da igiyar nan ja ya fito da shi. Shi kaɗai ne fim ɗin da na zo jan kunnenka na ɓige da zama kusa da kai, muka sha bulala tare. Duk wanda ya ce mini yana neman abin kallo, shi nake faɗa masa. Ba harbi, ba rawa, amma in ka fito sai ka ji kana son ganin ɗan'uwanka. Na kalle shi har na haddace. Mai aski ya samo mini shi. Asabar mai zuwa Auta ta tambayi duk abin da ta ga dama, har adadin kifin da ke cikin kwando. In ka tsegunta mata, ban yafe ba.

A gaida yara. Kai kuma na gaishe ka, amma sama-sama.

Yayanka,
Baba Direba

*

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina fata kun wuni lafiya, ya gwiwa, ya yaran. Za ka ga rubutun ya canza. Ni ke faɗa, Auta ke rubutawa.

Mun kalli na kwalekwale. Ni na ja ragamar, tun daga farko nake ba ta labari: ga uban a kwance, ga rabon gado, ga ƙanen ya juya wa wansa baya a kasuwar kifi. Ba ta yi mini tambaya ko ɗaya ba, na ce a raina yau na gama da ita. Da na ji rugugin ruwa na san an zo wurin. Na miƙe tsaye ina nuna mata da yatsa, ina cewa ta duba yadda ruwa ke juya shi, ta duba igiyar nan ja, ta duba yadda wan ya naɗe ta a hannu har fata ta sale. Sai na ji tana jan hanci. Na ɗauka fim ɗin ne ya taɓa ta, har na yi mata tsiya.

Ashe kwafin mai aski ya lalace. Hoton ya daskare tun a kasuwar kifi, murya ce kawai ke tafiya. Duk wannan ihun da nake yi, abin da ke kan talabijin kwandon kifi ne, ko motsi ba ya yi. Da ta gaya mini na ce ƙarya ne, wani sabon tarkon ne. Na taka har gaban talabijin, hancina na kusan taɓa gilashi. Kwando ne.

Na zauna. Ba kunya ce ta fara zo mini ba, wallahi. Wata 'yar ƙarama ce ta faɗo mini a rai, wadda in ta sauka takan zagaya ta gaban mota ta tsaya ɗaure igiyar takalminta. Kullum sai na ji muryarta a ƙofar gidansu nake ja. To ranar da ta yi shiru fa? Ranar da wata muryar ta yi kama da tata? Auta ta zo ta karɓe kofin shayin daga hannuna.

Ranar Litinin ban tayar da mota ba. Auta ta raka ni a ƙafa, na ajiye mukulli a teburin shugabar makaranta da hannuna. Na ji yaran na tambayar sabon direban ina Baba, na sa Auta ta bi da ni ta ƙofar baya, don ba zan iya ba.

Likita ya ce yanar ido ce ta rufe mini gani, ana cirewa. Na tambaye shi tuƙi fa, ya ce a fara yin aikin tukuna. Ban yarda da shi ba, ya cika murmushi.

Auta ta ce ba ita ta fara kai maka ƙara ba, kai ne ka kira ta tun a kan katin da na aiko maka bara, wai layukana suna hawa kan juna. Munafuki. Na gode.

Yanzu ka sake zaɓo mini, amma masu yawan surutu, da harshenmu, waɗanda kunne zai iya bi. Na kwalekwale kuwa ka nemo mai kyau, ka riƙe shi a wurinka. In an buɗe mini ido ka taho da shi da kanka, ka zauna kusa da ni. Ina so in ga ko igiyar nan ja ce da gaske.

Na sa ta karanta mini abin da ta rubuta, ta ce daidai ne. Duk da haka sai mai aski ya duba kafin a liƙe.

Yayanka,
Baba