Tagogin Ɗakin Inna

Kazaure,
Agusta, 1976.

Zuwa ga Yayana Muhammadu Lawal, a Ikko.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ban girma irin wanda ya wajaba a kan ƙanwa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Asma'u da yara. Allah ya tsare ku a garin mutane, ya sa wa aikin ofis albarka, amin. Mu nan damina ta kankama, gero ya fara fitar da kai, ƙaninka Daudu kullum yana gona daga safe har yamma. Matarsa Kaltume ta yaye ɗiyarta lafiya. Goggo Dela ƙafar nan da ta dame ta ta yi sauƙi, har tana takawa zuwa barka da suna. Ni kuwa ba daga Babura nake rubuto maka ba. Na baro ɗakina da mijina da 'ya'yana, ina zaune a gidan mahaifinmu, kuma abin da ya zaunar da ni shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Gaisuwa ta ƙare ke nan, Yaya. Ka gyara zama, domin sauran maganar ba mai daɗin ji ba ce, kuma ba ni da niyyar sa mata zuma.

Tagogin nan naka suna neman kashe mana uwa. Haka na faɗa, haka kuma nake nufi. Ka tuna da Babbar Sallah da ka zo da mutanenka daga Kano, ka sa suka fasa bangon gabas na ɗakin Inna, suka cire 'yar tagar da Baba ya bari can sama kusa da azara, suka kafa waɗansu manya guda biyu na ƙarfe masu sala-salan gilashi. Ka tsaya a tsakar gida da babbar riga kana ta bayani, wai zamani ya canza, ƙasa ta yi arzikin mai, bai kamata uwar babban ma'aikaci ta zauna cikin duhu ba. Ba wanda ya tanka maka, tunda Allah ya yi wa Baba rasuwa kai ne mai gida. Ka sha tafi, abokanka sun leƙa sun yaba, ka hau motarka ka koma. To bari in gaya maka abin da ka bari a baya, tunda na ga ba ka tambaya ba.

Da fari dai ka saukar da su ƙasa ƙwarai, kuma lungu suke kallo. Duk wanda ya wuce, mai tallan goro ne, mai jaki ne, almajirin tela ne, in ya ɗan waiga sai ya ga gadon Inna da abin da ke kansa. Matar da tunda aka kawo ta gidan nan baƙon namiji bai taɓa ganin ƙafar gadonta ba, yau ga ta a fili kamar kayan kanti. Ba a yi nisa ba ragon maƙwabcinmu Hamma ya zo wucewa, ya hango wani rago a cikin gilashi, ya ja da baya ya kai masa karo. Unguwa ta yi ta dariya, ni ban ga abin dariya ba, don Inna ce ta durƙusa tana tsince ɓaraguzan da hannu, gilashi ya yanke ta a tafi, ta ɗaure da tsumma ta ɓoye cikin mayafi har wurin ya yi ruwa kafin Kaltume ta gani. Sannan damina ta faɗi. Haba Yaya, kai da aka haifa a garin nan, ka manta daga ina hadari yake taso mana? Guguwar farko ta kwashe sala-salan da rago ya rage. Simintin da mutanenka suka shafa a kan jar ƙasa ya ɓamɓare ya zube, ƙarfen ya saki, yanzu taga ɗaya a karkace take, ɗayar kuma Daudu ya tokare ta da itace. Ruwa yana bi ta gefen ƙarfen yana cin bango, tsaga ta tashi daga kusurwar taga ta doshi azara, har ina iya sa hannuna a ciki.

Ranar da na iso daga Babura, saƙon Kaltume ne ya kawo ni, na tarar Inna ta ja gadonta can ƙurya, ta rataye tabarma da buhu da tsohon zaninta a kan tagogin. Ɗakin da ka ce za ka haskaka ya fi da duhu, ga warin danshi kamar rumbun da ruwa ya shiga. Katifarta a jiƙe, kwanukan jerenta sun fara tsatsa. Tari take yi mai nauyi, irin wanda yake fitowa daga ƙasan ƙirji, in ta fara sai ta dafa bango. Mun kai ta ɗakin shan magani an yi mata allura, ma'aikacin ya ce allura ba za ta yi komai ba muddin a cikin sanyin nan take kwana. Shekaranjiya da la'asar ana ruwa wani gunduman ƙasa ya ɓallo daga saman taga ya faɗi daidai inda take shimfiɗa buzun salla. Da ta riga ta tayar da kabbara, da yanzu wata takardar daban kake karantawa. Ita kuwa ta sa tsintsiya ta share, wai ba komai.

Kada ka ce mun naɗe hannu muna kallo. Na aika aka kira Mamuda magini, na ce ya cire ƙarafan, ya toshe ramukan da tubali, ya ɗaure tsagar, ya mayar da 'yar taga sama yadda take. Ya zo da mutanensa har an fara kwaɓa ƙasa. Inna ta fito ta zauna a bakin ƙofa, ta miƙe ƙafa, ta ce ba mai taɓa bangon nan. Ta ce mutumin Ikko ne ya yi, ba za a ce a gari ya yi wa gida abu ita ta sa an rushe ba. Na roƙe ta, na yi kuka, na yi faɗa har Goggo Dela ta tsawatar mini. Mamuda ya ce shi ba zai sa hannu a bangon da mai ɗaki ta hana, mai gida kuma bai ba da izini ba, ya tattara kayansa ya tafi, kuma ban ga laifinsa ba. Na ce to ta koma ɗakin Kaltume kafin ruwa ya ɗauke. Ta ce sai a ce ta guje wa kyautar da aka yi mata. Na ce ta bi ni Babura. Ta kalle ni kamar na zage ta. Yanzu ni nake kwana a ɗakin tare da ita, ina kallon azara, ina jin tarinta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ka san duk wannan, ko kuma ya kamata a ce ka sani. Kai ne ɗan fari. Tunda ka zo duniya Inna ba ta taɓa kiran sunanka ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da kai ba, a ɗakin Goggo Dela ka tashi, in ka shigo gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa a taƙaice. Da kana makaranta ɗan makarantar nan take cewa, yanzu kuma mutumin Ikko. Wannan ba ƙiyayya ba ce, kai ma ka sani, kara ce irin ta iyayenmu, kuma mu da take kira da suna tana zagi tana dungure mana kai mun san wanda ya fi zama a zuciyarta. To mace irin wannan ce za ta buɗe baki ta ce maka ba ta son abin da ka kawo? Ko ɗakin ka ce za ka rushe gaba ɗaya, shiru za ta yi. Da kana da niyyar sanin ra'ayinta, da ka bi ta wajen Goggo, ko Baffa Sama'ilu, ko ni, yadda kowane ɗan fari a garin nan yake yi. Ba ka bi ba. Ka tsaya a bakin ƙofarta ka tambaye ta kai tsaye a gaban baƙi, ta sunkuyar da kai, kai kuma ka ɗauki shirun nan ka sa a aljihu ka tafi da shi a matsayin godiya. Ikko ce ta mantar da kai, ko kuwa dama yabon abokai ka zo nema? Ni dai na fi zargin na biyun, kuma in na zalunce ka Allah ya gani.

Sai kuma amsar da ka aiko. Daudu ya ba direban da ke zuwa wajenku saƙo, ya ce a gaya maka tagogi sun lalace, Inna ba lafiya, ana neman maganarka. Muna ta zuba ido, sai ga akwatin katako an sauke a ƙofar gida, cike da sabon gilashi, rabi ma ya farfashe a hanya. Tirƙashi! An ce maka uwarka tana tari, ka aiko gilashi. Wa zai sa shi, a jikin wane bango? Direban ya ce ka ce a nemo ƙwararru daga Kano, wai na nan ba su iya ba. To sannu da ƙoƙari, ƙwararrun Kano ai mun ga aikinsu, shi muke tokarewa da itace. Akwatin yana nan a zaure, Inna ta sa an lulluɓe shi da tabarma kada ya yi datti, kajin Kaltume suna hawa kai.

Yanzu ka saurare ni da kyau. Ba kaya muke so ba, kada ka sake aiko ko ƙusa. Maganarka muke so, kuma sai ta zo ta hanyar da Inna za ta iya karɓa. In ka ce a gyara saboda ba ta da lafiya, za ta ce lafiyarta ƙalau. In ka ce a gyara saboda an ce ba ta so, za ta ce ƙarya aka yi mata, kuma ni za ta daina yi wa magana. Dole ka ce kai ne ka duba ka ga aikin bai yi maka ba, kai ne ba ka so, kai ne ka ba da umarni a toshe a mayar da ta Baba. Ka faɗa wa Baffa Sama'ilu, shi ya shigo ya isar mata da bakinsa, don ta san Baffa ba ya ƙara gishiri. Na san abin da nake nema yana da nauyi a wajenka, ka ce a gaban dangi ka yi kuskure, kai da ba a saba jin haka daga bakinka ba. To ka haɗiye. In kuwa kana da sauran kunya, ka nemi izini a ofis ka zo da ƙafarka, ka tsaya a tsakar gidan da ka yi mana wa'azin zamani, ka faɗa kowa ya ji. Mamuda ya ce in an ba shi izini aikin ba zai ɗauke shi lokaci ba, amma ruwa mai ƙarfi yana gaba, bangon kuma ba jiran hutunka yake yi ba. Mijina ya aiko sau da yawa in koma, na ce ba inda za ni. Wallahi Yaya, in bangon nan ya faɗo a kan Inna kana can kana shawara, ba ni ba kai, kuma kada ka neme ni ranar zaman makoki, ba zan amsa gaisuwarka ba.

Ka gaishe mini da Asma'u, ba ruwanta a wannan magana, ka shafa mini kan Abu da 'yar autarku Mairo. Baffa Sama'ilu yana gaishe ka, ya ce yana jiran ya ji daga gare ka. Goggo Dela tana gaishe ka, ta ce in sassauta harshe, na ce mata na ji. Daudu da Kaltume suna gaisuwa. Ɗazu Inna ta gan ni da takarda a cinya, ba ta tambayi wanda nake rubuta wa ba, don ta sani. Tana zaune a bakin gado da daro a gabanta yana tarar ɗigon ruwa, ta jira tari ya sake ta, ta juya fuska wajen bango, sannan ta ce in tambaya ko yaran can suna da rigunan sanyi. Ta ƙara da cewa in akwai sauran wuri a takardar, a gaya wa mutumin Ikko tagogin sun yi kyau, kada ya sa damuwa a ransa.

Na isar da saƙonta yadda ta faɗa.

Ni ce ƙanwarka,
Saude.