Tun da Malam ya yi ritaya shukata ta daina fure

Assalamu alaikum Anti Hajo. Don Allah ki taimaka min, kada kuma ki yi dariya. Na san ana kawo miki matsalolin da suka fi tawa nauyi. Tawa a kan shuka ce, amma ta kusa hana ni da maigidana gaisuwar safe.

Ni malamar firamare ce a Keffi, muna zaune a Tudun Ƙofa. Shekarun baya abokiyar aikina Martina, da za ta koma garinsu Agwada, ta yanko min reshen wata shuka mai yaɗo da ke barandarta, ta ce sunanta hoya. Ganyenta kauri gare shi, yana sheƙi kamar an shafa masa kakin zuma. Na dasa a wata 'yar tsohuwar tukunya na rataye a baranda. In na tuna in zuba ruwa, in na manta shi ke nan. Bara waccan sai ga fure, ƙanana kamar taurari a dunƙule wuri guda, da magariba ƙamshinsu har tsakar gida. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallo.

To, sai Malam ya yi ritaya daga aiki a Abuja ya dawo gida gaba ɗaya. Mutum ne da bai iya zama haka kawai ba. Ya gyara famfo, ya gyara ƙofar da lafiyarta ƙalau, daga nan idonsa ya faɗa kan shukata. Wai na bar ta cikin wahala. Ya sayo ƙatuwar tukunyar siminti ya mayar da ita ciki, ya shigo da ita falo kusa da talabijin don kada rana ta dame ta. Ruwa kuwa safe da yamma, har da ragowar shayi. 'Yan sandunan nan da furen ya fito a jikinsu, ya sa almakashi ya datse, wai sun bushe. Ganye kam ya yi kore shar, amma fure ko ɗaya.

Na yi magana, ya ce shi ɗan manomi ne, ba zan koya masa shuka ba. Na ɓoye butar da yake ba ta ruwa da ita, ya koma ɗiba da kofin shayina. Ga shi 'yarmu Khairat za ta yi aure bayan babbar salla, Martina kuma za ta zo biki, na san shukar za ta fara nema tun kafin ta aje jaka. Kullum hoton tata take turo min a waya, cike da fure. Ni kuma ba na son ɓata wa Malam rai. In kika gan shi tsaye a kanta yana goge ganye ɗaya bayan ɗaya yana 'yar waƙarsa, sai ya ba ki tausayi. Ya zan yi?

Taki, Malamar Tudun Ƙofa.

Wa alaikumus salam Malama. Dariya kam na yi, ki yafe min.

A batun shuka ke ce da gaskiya. Hoya ba ta son gata. Tana fure ne in saiwarta ta matsu a ƙaramar tukunya, don haka a mayar da ita cikin ƙarama mai huji a gindi, da ƙasa marar nauyi, a gauraya da yashi da ɗan dakakken gawayi. Ta koma baranda inda hasken safe zai same ta, ban da ranar tsaka. Kada a zuba ruwa sai an tsoma yatsa an ji ƙasar ta bushe. Shayi kuwa Malam ya shanye abinsa. Sandunan da ya datse, a kansu take sake fure duk shekara, in sababbi suka fito kada almakashi ya kusance su. Da kin ga ta fara tsiro da 'yan ƙwayoyin fure, kada a gusar da tukunyar.

Ba zan ruɗe ki ba, da wuya ta yi fure kafin biki, wataƙila sai baɗi. Ki kira Martina ki ba ta labari yadda kika ba ni. Dariya za ta yi, bikin Khairat kuma shi zai kawo ta.

Sai dai kada ki ga laifin Malam da yawa. Mutumin da ya shafe shekaru yana fita aiki tun asuba, rana ɗaya ya wayi gari babu mai jiransa, dole hannunsa ya nemi abin kamawa. Ki daina ɓoye buta. Ki nuna masa wani gefe a tsakar gida, ki ce miyarki na son alayyafo da yakuwa da tumatir na gida. Waɗannan su ne masu son ruwa safe da yamma, ɗan manomi kuma zai nuna miki gwanintarsa. Goge ganyen hoya ki bar masa, yana yi mata amfani, ki kuma yaba masa a gaban baƙi.

Allah ya sanya albarka a auren Khairat, ya ba Malam lafiyar cin moriyar hutunsa, ya bar ku tare.

Anti Hajo.