Ƙishirwar Mubarak Ba Ƙarya Ba Ce

Zuwa ga Mai Girma Hedimasta,
Makarantar boko da Arabiyya ta unguwarmu, Tamale.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan an yi sallah lafiya, kai da iyali da malamai.

Ni ce mahaifiyar Mubarak na aji shida, mai koko da ƙosai a Sakasaka. Na zo ofishinka aka ce kana taro, na sake dawowa aka ce ka fita, shi ya sa na rubuta a fili. Kuma tunda a gaban yara aka yi abin, ba laifi iyayensu su ji.

Na farko, abin da ya faru. Tun Mubarak yana goye yake da ƙishirwar da ba ta yankewa, ga yawan fitsari. Kowace shekara sai na zo na roƙa a bar masa gorarsa a aji, a bar shi ya zagaya in ya nemi izini. A azumin bana, cikin zafin nan da kowa ya ji a jikinsa, kuka kafa doka cewa 'yan aji shida sun isa azumi, ba mai shigowa da ruwa. Malamin ajinsu ya kama shi yana sha a bayan banɗaki, aka fito da shi gaban asambuli, aka ce ga mai azumin ƙarya. Washegari kunya ta sa ya ɗauki azumi da gaske, ban sani ba. Kafin azahar ya yanke jiki ya faɗi. Ba malami ba ne ya kai shi asibiti, abokansa ne suka tare mai yalo-yalo, keken hayar nan mai ƙafa uku. Wannan ya ɓata min rai ƙwarai.

Na biyu, abin da likita ya gano. Mun sha gwajin suga a baya, kullum a ce babu. Mun ba shi rubutu, mun yi hayaƙi, har wata maƙwabciyata ta rantse aljani ne ke shan ruwan. Wannan karon likitan ya tambaye ni ko a danginmu akwai mai irin haka. Sai na tuna yayana Sulemana, wanda ba ya rabuwa da jarka, muna tsokanarsa da Tanki. Yana saurayi ya rasu a hanyar kasuwa cikin wani azumi, aka ce zafi ne. Aka ɗebi jinin Mubarak aka tura kudu, bayan sallah sakamako ya dawo.

Ga yadda aka yi min bayani. Akwai wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke aikawa ƙoda da saƙon ta riƙe ruwa. A jikin ƙodar akwai wani ɗan abu mai karɓar saƙon. Na Mubarak an halicce shi daban, ta hanyar gado, ba ya karɓa. Ana ta aika, ba mai amsawa, ruwan sai ya bi fitsari ya fice. Ta wajen uwa abin ke bi ya sami 'ya'ya maza, ke nan ta wajena ya zo.

Malam, da na ji haka kuka na yi wa yayana, amma daga baya sai na ji kamar an sauke min tulu daga kai. Ciwon ba ya warkewa, gaskiya ne, sai dai ana rayuwa da shi lafiya lau. An ba Mubarak ƙwaya mai rage fitsarin, an ce in rage gishiri a miya, kada kuma a hana shi ruwa ko na ɗan lokaci. Limamin masallacinmu ya ce azumi bai hau kansa ba, in ya girma sai ya ciyar. Alhamdulillahi, yau na san ciwon ɗana, hankalina ya kwanta.

Na uku, roƙona. Ba na neman a kori kowa, malamin ma na yafe masa. A bar Mubarak da ruwansa da izinin fita, azumi ko ba azumi ba. In uwa ta ce ɗanta ba shi da lafiya, a saurare ta kafin a ɗauko bulala. Babban roƙon kuwa, a wanke shi a asambuli, da bakinka, yara su ji cewa bai yi ƙarya ba.

Jikinsa ya yi ƙarfi, amma tun da aka dawo daga hutu bai taka makaranta ba. Yakan goge kayansa ya sa, in ya kai bakin ƙofar gida sai ya tsaya. Ran Litinin zan rako shi har get ɗinku. Ko zai shiga, wannan yana hannunka.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya raya mana yaran da ke hannunka.

Wassalam.

Mahaifiyar Mubarak,
Sakasaka, Tamale.