Jan Ɗigo a Gindin Kofin Inna

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, kai da Antinmu da yara baki ɗaya. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sa albarka a aikinka, Ya tsare ku daga duk abin ƙi. Mu nan alhamdu lillahi. Baban yara ya samu sauƙin ciwon bayan nan har ya koma tuƙi, ni kuma ina nan ina fama da shagon magani kamar yadda ka sani. Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wadda kuke waya da ita kullum. Sau uku ina ɗaukar waya don in gaya maka wannan magana, sai in ɓuge da karanta maka lambobin hawan jinin Inna in kashe. Ka samu wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Ka tuna wata huɗu da suka wuce, ranar da Inna ta harɗe da igiyar tsallen 'yata Zabuwa a bakin ɗaki ta faɗi, ƙashin ƙugunta ya tsage. Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Da na fito na ga mahaifiyarmu a ƙasa, sai na juya kan yarinyar nan 'yar shekara shida, na daka mata tsawa, na ce ta ga abin da ta yi, so take ta kashe kakarta. Na faɗa na manta, domin hankalina yana wurin neman mota. Ashe magana zarar bunu ce. Bayan an yi wa Inna aiki an sallame mu, likita ya ce a kula da tsabta na mako biyu kada ciwon ya kamu da ƙwayar cuta. Ka san halina da iyayi, mai sayar da magani da ke jin kanta rabin likita. Na mayar da gadonta ɗakin baya mai taga ɗaya, na hana yara shiga, na sa takunkumi duk lokacin da zan kai mata abinci, na ajiye man wanke hannu a bakin ƙofa. Na ware mata kofi da faranti da cokali, kuma don kada su haɗu da namu, na ɗiga wa kowanne jan farce a gindi. Mako biyu ya wuce, ciwon ya warke, amma ban sauya komai ba. Gidan ya yi tsit, aikin ya yi mini sauƙi, kai ma kana yaba mini a waya, sai na ɗauka daidai nake yi.

Daga nan Inna ta fara ramewa. Abinci yana komowa kamar yadda ya shiga, ta daina tambayar kowa, ta daina kunna rediyonta. Matar da ko ƙuda ya wuce sai ta yi masa sharhi, sai ga shi in na gaishe ta, hannu kawai take ɗaga mini. Na kai ta gwaji iri iri, aka ce ba a ga komai ba sai tsufa. A daidai wannan lokacin Zabuwa ma ta fara ciwon ciki kowace safiya. Kai ka san Inna ce ta raɗa mata wannan suna saboda surutu, to sai ga Zabuwa ta koma bebiya. Ta koma fitsarin kwance, abin da ta bari tun tana shekara uku. Malamarsu ta kira ni ta ce yarinya tana zama a ƙarshen aji tana tsinke gashin kanta. Na ba ta maganin tsutsa, na ba ta na ƙarin jini, na ba ta na buɗe ciki, kusan rabin kantata ta sha. Wallahi Yaya, ko sau ɗaya ban haɗa ciwon tsohuwa da na yarinya a raina ba, alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakunansu.

Ranar Litinin ta makon jiya na kai Zabuwa wurin wata likitar yara, dattijuwa mai sanyin magana. Ta duba takardun gwajin da aka yi wa yarinyar ta ajiye su gefe, sannan ta tambaye ni da wa yarinyar take cin abinci a gida. Na ce ita kaɗai, a kan tebur. Ta ce a da fa. Na ce a da faranti ɗaya suke ci da kakarta, tun da aka yaye ta, kuma kakar ce ke yi mata kitso, a bayanta take barcin rana. Ta tambayi yaushe aka raba su, yaushe kuma ciwon cikin ya fara. Ina lissafi da yatsu sai na ga lokaci ɗaya ne. Ta ce in ba su wuri, na fita na zauna a kan benci kusan rabin awa. Da ta kira ni, ta gaya mini abin da 'yata ta faɗa mata. Wai ita ce ta karya kakarta, ni na faɗa da bakina, shi ya sa aka kulle Inna don kada ta ƙarasa ta. Wai wata rana da na tafi shago ta lallaɓa ta tura ƙofar don ta ba da haƙuri, sai Inna ta rufe bakinta da gefen zani, ta kore ta da tsawa, ta ce kada ta ƙara zuwa. Tun daga ranar ta tabbata kakarta ta tsane ta. Likitar ba ta rubuta mini ko ƙwaya ɗaya ba. Ta ce ciwon cikin gaske ne, ba ƙarya yarinya take yi ba, amma daga zuciya yake saukowa, kuma in koma gida in tambayi tsohuwa dalilin korar.

Na shiga ɗakin Inna ban sa takunkumi ba, na zauna a bakin gadonta. Sai ta matsa jikin bango tana nuna mini ƙofa. Na ce ba inda zan je sai ta gaya mini abin da jikarta ta yi mata. Sai ta ce in daina wahalar da kaina da ɓoye mata, ita ba yarinya ba ce, ta san tarin fuka gare ta. Ta ce tun ranar da ta juya kofinta ta ga jan ɗigo ta gane. Ashe haka aka yi wa mahaifiyarta, kakarmu da ba mu taɓa gani ba. Inna tana 'yar shekara takwas aka kai mahaifiyar tata ɗaki can nesa da mutane, aka yi wa kwanonta shaida, aka hana 'ya'yanta zuwa kusa, kuma ba wanda ya faɗi sunan cutar har ta rasu. Ta ce ta ga komai ya dawo daidai, ɗakin baya, rufe hanci, wanke hannu, har da yadda nake ajiye faranti in juya da sauri. Abinci kuwa, ta ce me mai jiran tafiya zai yi da shi, gara ta rage mini taɓa kwanon da ta sa baki. Ta nuna mini ƙullin tufafinta a ƙarƙashin gado, ta ce in ta cika a ƙone su, kada a ba kowa. Game da Zabuwa kuma, ta ce ranar da ta kore ta, ta fi jin zafi a kan ranar da ƙugunta ya tsage, amma gara yarinya ta ƙi ta da ta kwashi ciwo.

Yaya, ban san lokacin da na ɗauki kofin nan da sauran ruwanta a ciki na kai baki ba. Inna da ba ta iya ɗaga cokali sai ga shi ta kai mini duka, kofi ya yi sama, ruwa ya jiƙa mu duka biyu, tana salati tana cewa na haukace, ina da 'ya'ya. Na rantse mata, na sake rantsewa, ba ta yarda ba. Sai da na ɗauko likitan da ya yi mata aiki ya zo har gida da hoton ƙirjinta, ya ɗaga shi a hasken taga ya nuna mata huhunta tas. Ta tambaye shi ko ni na roƙe shi ya faɗi haka. Ya yi dariya, ya ja kujera ya sha shayi a kofinta, sannan ta yarda. Da na shigo da Zabuwa, yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi motsi, sai da Inna ta ce mata wane ne ya yi mata wannan mummunan kitso kamar an yi da tsintsiya. Ni na yi kitson, amma ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Na durƙusa a gaban 'yata na gaya mata igiya ba ta da laifi balle mai igiya, ni ce na yi kuskure. Kuka muka yi mu uku har maƙwabciya ta leƙo tana tambaya ko rasuwa aka yi.

Yau kwana goma da mayar da gadon Inna falo, kusa da inda kowa ke wucewa. Suna cin faranti ɗaya, kuma dabarar da likitar yara ta koya mini tana aiki, kowace tana ci don ɗayar ta ci. Ciwon cikin Zabuwa ya ragu sosai, ko da yake har yanzu takan farka da safe ta je ta taɓa ƙafar Inna ta ga ko tana motsi. Amma ba zan ɓoye maka ba, garin neman gira na kusa rasa ido. Likita ya ce wata huɗu na kwanciya da rashin ci sun cinye naman ƙafafunta, da wuya ta ƙara takawa da kanta, kuma zuciyarta ta yi rauni. Ya ce magani na da nasa ɓangare, amma abin da ya fi shi ne ta ga mutanenta, ta ji ana bukatarta. Ya kuma ce duk wanda yake so ya gan ta tana cikin hayyacinta, kada ya yi ta ɗaga rana.

Ka gaida mini Antinmu da kyau, ka ce ina yi mata fatan alheri. Ka shafa mini kan 'yan biyu da auta. Baban yara yana gaishe ka, Goggo ma da ta zo dubiya ta ce in isar da tata gaisuwar. Zabuwa ta ce a gaya wa Kawu haƙorinta na gaba ya fita. Inna kuwa, da ta ga ina rubutu ta tambayi ko wa nake rubuta wa, sai ta ce in sa maka saƙonta yadda ta faɗa, kada in gyara. Ta ce ba ta taɓa riƙe ka a rai ba da ba ka zo ba tun da ta faɗi, domin kana da ƙananan yara, kuma ita ma da za ta hana ka zuwa kada ka kai musu ciwo. Ta ce amma yanzu likita ya tabbatar ba a ɗauka, ka kwantar da hankalinka, kana iya zuwa. Na buɗe baki zan ce mata aiki ne ya riƙe ka, sai na ga yadda take murmushi, na kasa. Wannan kam na bar maka.

Wassalam. Taka har kullum,

Ƙanwarka