Umma da 'Ya'yan Mikiya

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya jikin ƙaramin naki?

Umma dai tana nan yadda kika bar ta. Tun shanyewar ɓarin jikin nan ko uffan ba ta ce ba, kwanan baya kuma ta kulle baki da abinci. Likita ya ce in aka ƙara mako a haka, sai an sa mata roba ta hanci. Wallahi Yaya, hankalina ya tashi.

Sai wata nas ta nuna min wani abu a waya. Wai can wata ƙasa an ɗaura kyamara a kan bishiya, ana nuna sheƙar mikiya mai farin kai kai-tsaye, da 'ya'yanta biyu. Na jingina wayar da kofi gaban Umma don ta rage kaɗaici. Uwar mikiyar ta kawo kifi tana yagowa tana ba su, ni kuma cokali na hannuna, na miƙa kawai. Umma ta buɗe baki! Cokali bakwai, Yaya. Yanzu sai mikiya ta dawo daga farauta muke cin abinci. Ki yi dariyarki, ban hana ki ba.

Ki shafa min kan yara.
Ƙanwarki, Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, yau ki zauna kafin ki karanta.

Ranar Talata aka yi iska can wurin sheƙar mikiyar, kyamarar ta mutu. Kwana biyu Umma na kallon baƙin gilashi, ko ruwa sai da lallashi. Jiya na ga ba sarki sai Allah, na lalubo tsohon hoton bidiyonsu na makonni uku baya, na kunna kamar yanzu ake yi. Har da ce mata, ga su nan sun dawo.

Ni da wayona! Na manta cewa da wadda ta shekara talatin tana kiwon kaji nake. 'Ya'yan da ta bari da baƙin gashi a fiffike, ga su sun koma tsaki masu furfura. Ta dube su, ta dube ni, ta daɗe tana kokawa da harshenta. Sannan ta ce min maƙaryaciya.

Cokalin ya faɗi daga hannuna. Ta sake yunƙurawa ta tambaya ko suna da rai. Na gaya mata gaskiya, ban sani ba, sai an gyara kyamarar. Ta gyaɗa kai, ta nuna kwano da hannunta mai lafiya. Ta ci rabi, ba mikiya ba kifi.

Wata uku ina roƙon Allah in ji muryarta, ashe zagi zan fara samu. Na fita baranda na sha kukana, don ban taɓa jin kalma mai daɗinta ba. Ki kira ta gobe da hantsi, ke ma ki karɓi rabonki.

Taki har kullum,
Auta