Zabuwa Mai Tabarau

Zuwa ga sanyin idona, hasken ɗakina, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, matata kuma abokiyar dariyata,

Sallama irin ta mai laifi nake yi miki, wadda ake yi daga bakin ƙofa da murya ƙasa-ƙasa. Yau kwana tara kina gidan Yaya. Na kira ba ki ɗauka ba, na tura saƙo shiru. Sau ɗaya Yaya ta ɗauka, ta ce, "Malam mai zane, ka ƙyale mini ƙanwa ta huce, ka ji ko?" ta kashe. Shi ya sa na koma ga takarda. Kin san bakina ba ya da amfani idan magana ta yi nauyi, hannuna ne mai magana, kuma shi ɗin ne ya jawo mini wannan.

Kin tuna ranar da na fara ganinki? An ɗauke ni in zana dabbobi a bangon makarantarku, ina kan tsani da gwangwanin fenti, sai ga ki, shugabar makaranta, kin fito daga ofis da ƙwallo a hammata, tabarau ya zamo har kan hanci, kina taku ƙanana-ƙanana da sauri. "Wa ya buga? Wa ya buga, na ce!" Yara uku suka yi tsuru-tsuru a gaban tagar da suka fasa. Kika jefa ƙwallon cikin kabad ɗinki mai cike da ƙwallayen da kika ƙwace, kika juya musu baya don kada su ga fuskarki, sai dariya ta kuɓuce miki ta hanci. Ni kaɗai na gani daga sama. Wayyo ni! A nan na faɗi, tsanin ne kawai bai sani ba. Tun daga ranar ban ga fitowar rana da ta kai wannan dariyar kyau ba.

To, ga yadda na ci amanarta. Da aka fara aikin fim ɗin katun ɗin nan, oga ya tara mu ya ce yana son mugu wanda zai sa yara dariya, kada a kawo masa wanda zai hana su barci. Mako uku ina zana kura, ina zana kada, duk sun fito kamar masu ciwon haƙori. Sai wata safiya kika hargitsa gidan nan kina neman tabaranki, kina zargin kowa har da ni, alhali yana bisa kanki. Kafin ki fita aiki na zana zabuwa a bayan ambulan. Na ba ta takunki, na ba ta yatsan nan da kike ɗagawa, na ba ta "Ni za a yi wa?" ɗinki, na ba ta dariyar hanci. Na mai da ita ɓarauniyar da ta rantse sai ta kwashe duk ƙwallayen yaran gari. Kullum ina cewa gobe zan nuna miki, kullum ina fasawa, wai don in ba ki mamaki.

Kin ga yadda yara suka mutu a kanta. Zomon da muka sa ya zama jarumi, mai ladabi, mai gaskiya, mai tsabtar kunne, wa ya taɓa kwaikwayonsa? Ko ɗaya! Zabuwa suke kwaikwayo. Ita ce za ta shirya makirci mai hawa bakwai, ta taka igiyar tarkonta da kanta, ta faɗa cikin bokiti, ta fito a jiƙe, ta gyara tabarau ta ce, "Daman haka na tsara." Yaro ya san zafin son abu a hana shi, ya san kunyar faɗuwa a gaban mutane, shi ya sa yake ganin ɗan'uwansa a cikin mugun da ba ya iya mugunta. Duk fim ɗin ita kaɗai ce take son wani abu da zuciya ɗaya. Ta yaya ba za su so ta ba, alhali da ƙaunarki na zana kowane gashin jikinta?

Da a nan na tsaya, na san da kin ja mini kunne kin yafe. Amma wata rana a wurin taro oga ya buga tebur ya ce, "Wai me za ta yi da ƙwallayen nan ne? Ku ba ni dalili mana!" Ban yi tunani ba na ce, ai ta ɗauka ƙwai ne, so take ta ƙyanƙyashe su. Ɗakin ya tuntsire da dariya, har mai haɗa sauti yana share hawaye. Na ji daɗin yabo, kaina ya kumbura. Na zana ta zaune a kan tulin ƙwallaye, ta baza fukafukai, tana lallashinsu da waƙa. Da mai kiɗa ya tambaye ni wane irin amo nake so, sai na rera masa wanda ya zo bakina. Kin san wanne ne. Shi ne wanda kike rerawa ciki-ciki kina ninke ƙananan rigunan nan, lokacin da cikinki yake wata shida, kafin mu dawo daga asibiti hannu biyu babu komai.

Wallahi ban zauna na shirya ba. Amma wannan wace irin kariya ce? Wata takwas ina kallon wannan wurin a kwamfuta, ina gyara motsin fukafukai, ina gyara ƙiftawar ido, ban tsaya sau ɗaya na tambayi kaina daga ina na samo shi ba. Ko kuwa na sani na kau da kai? Ina jin na sani.

Ranar da aka fara nunawa kika ciko mota biyu da ɗalibanki, kina alfahari da mijinki. Zabuwa na fitowa wata yarinya ta miƙe ta ƙwala, "Malama ce! Wallahi Malama ce!" Kika yi dariya, kika mintsine ni a cinya, na ce a raina na tsira. Sai aka zo wurin tulin ƙwallayen. Yara ɗari biyu suna birgima a kujeru, waƙarki tana fita daga manyan lasifikoki, na ji kin zare hannunki daga nawa a hankali. Ba ki yi kuka ba. Da aka kunna fitila kika ƙirga yaranki, kika saka su a mota, kika yi wa oga barka. Ranar Litinin suka bi ki da waƙar daga bakin get har ofis, don suna sonki, ba su san abin da suke rerawa ba. Ranar Talata kika haɗa jaka.

Ya sanyin idona, da me zan wanke wannan? Fim ya fita daga hannuna, yana cikin wayoyin mutane, ba ni da ikon dawo da shi. Oga ya ce a fara kashi na biyu, na ce da ni ba za a yi ba. "Ka haukace ne? Zabuwar nan ita ce abincinmu!" in ji shi. Na ce na ji. Littattafan zanena huɗu suna cikin kwalin da ya zo da wannan takarda, babu shafin da ba ke ba ce a ciki. Ki ƙone, ki yaga, ki ajiye, naki ne tun asali, ni ne na ɗauka ban tambaya ba. Ba zan yi miki ƙaryar cewa idona zai daina ganin abin dariya a jikinki ba, don da shi na so ki. Alkawarin da zan iya shi ne, abin da na gani a cikin ɗakinmu ba zai sake fita ƙofar ɗakinmu ba.

Gidan nan ya yi mini faɗi. Ba mai faɗa da ni kan kofin da na bari a hannun kujera, ba mai zargina da ɓoye mabuɗi. Na yi kewarki har ina jin ta a ƙashina, amma ba zan zo in tsaya a ƙofar Yaya in tara miki jama'a ba, na riga na tara miki wadda ta isa. Zan jira har ki ce in zo.

Saura abu ɗaya, wanda ya kamata in faɗa da bakina tun shekara biyu da suka wuce. Da muka dawo daga asibiti na ce miki sai haƙuri, na koma aiki washegari, na bar ki kina zaton ke kaɗai kika yi rashi. Na kasa zama kusa da ke in yi kuka, sai na ba wa zabuwa kukan ta yi a gaban duniya. Ki ji shi yau daga gare ni, ba tare da zane ba. Ni ma ɗana ne. Ni ma ina ƙirga watanninsa. Da yanzu ya iya cewa Baba.

Naki ne ni, ko kin dawo gobe ko kin daɗe, naki har ranar da numfashi zai ƙare,

Mijinki mai laifi.